Ranar da Miyar Asibiti Ta Koɗe

Kafin rana ta leƙo, Uwar Ludayi ta riga ta hau matakalar da ke bayan ɗakinta, hannu ɗaya riƙe da bokiti, ɗayan dafe da gwiwa. A kan rufin simintin gidan da suke haya lambunta yake: buhunan shinkafa cike da ƙasa, tsofaffin tayoyi, robobin fenti, har da wani mataccen firij da aka kwantar ya zama gadon albasa. Takan bi su ɗaya bayan ɗaya, ta juya ganye ta duba tsutsa, ta ba kowa ruwansa daga wanda aka wanke shinkafa da shi jiya. Sai ta tsinki abin da ya nuna, ta cika buhu, ta sauko ta kama hanyar ƙaramin asibitin da take yi wa marasa lafiya girki. Haka ta yi shekara da shekaru, har kwanan baya da ta ajiye aiki.

Marasa lafiya ne suka laƙaba mata sunan, don ba ta yarda ta aika abinci ta zauna. Da ludayinta take bin gado-gado, kuma ba ta matsawa sai ta ga loma ta wuce maƙogwaro.

Ba don neman lada ta fara shuka ba, babu ce ta koya mata. Kamfanin da mijinta ke tuƙa wa mota ya rufe, ga yara cike da ɗaki, ga albashinta ba ya ganin tsakiyar wata. Wata rana ta taya tumatir a kasuwa, da ta ji kuɗin sai ta juyo da kwandonta wayam. Ta tarar da wani ruɓaɓɓe guda a kicin, ta matse 'ya'yansa a kan tsumma ta shanya. Da maƙwabta suka ga tana hawa da ƙasa sama, dariya suka yi ta yi.

"Baiwar Allah, noma a kan rufi? Sai ka ce tsuntsuwa."

Ba a daɗe ba gidan ya daina sanin hanyar mai kayan miya. Tumatir, tattasai, alayyafo, kuɓewa, duk daga sama suke saukowa. Abin da da cefane ke cinyewa ya koma takalman makaranta da maganin zazzaɓi. Masu dariyar nan su ne suka dawo da ƙoƙo suna roƙon iri.

Ana nan sai aka sanar da ita daga ofishin asibiti cewa za a ɗan dakatar da sayen kayan miya, na ɗan lokaci ne, kafin abubuwa su daidaita. Ranar ta yi miya da mai da gishiri da garin ɗanɗano, kwanukan suka dawo mata kamar yadda suka tafi. Wani dattijo mai tari, wanda ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ya ture nasa a hankali.

"Ki yafe ni, Inna, bakina ya ƙi karɓa."

Washegari ta zo da alayyafo da tumatir daga gida. Ta ce wa ranta na yau ne kawai. Na yau ɗin nan ne ya miƙe. An canja shugaban asibiti, an sake canjawa. Ta tuna wa ofis, aka ce za a duba. Ta sake tunawa, aka ce ana dubawa. Har ta gaji ta ja bakinta ta ƙara buhuna a kan rufi.

Mai gadin ƙofa ya taɓa sa mata ido, don kullum da buhu take fita. Ran nan ya tare ta a gaban mutane ya ce a buɗe. Ta buɗe. Ɓawon dankali ne da ɓawon ƙwai da ganyen shayi, takin lambunta. Kunya ta rufe shi, ya yi ta ba da haƙuri. Amma ko sau ɗaya bai taɓa tambayar abin da ke cikin buhun da take shigowa da shi ba. Wa ke binciken mai shigo da kaya?

A gida ma ba a rasa ƙorafi ba. Manyan tumatir asibiti suke tafiya, ƙanana da masu tabo su ne na gida. Mijinta yakan ce, "Mu ne manoma, amma sai mun kwanta ciwo za mu ci mai kyau." Takan ce masa, "To Allah Ya bar ka da masu tabo, Malam." Ya yi dariya ya ɗauki bokiti.

Gwiwa ce daga ƙarshe ta ce ta gaji. Aka yi mata ɗan taron ban kwana, aka sha lemo, aka ba ta agogon bango. Da za ta fita ta tsaya wajen mai sito ta ce masa buhunta fa ya daina zuwa daga yau, a san abin yi. Ya ce kada ta damu. Daga nan ta wuce gidan babbar 'yarta, inda ta yi jinyar aikin da aka yi mata a gwiwa.

Ba ta daɗe da dawowa gida ba, wata safiya tana zaune a tsakar gida tana ware iri, sai ga sallama. Matar da ta gaje ta a kicin ce, uwar 'ya'ya ce ita ma, mijinta ya rasu. Idanunta sun kumbura.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Inna, sun dakatar da ni. Wai ni nake sace kayan miya."

Farantin irin ya suɓuce daga cinyar Uwar Ludayi, ba ta ko kalle shi ba.

"Wane kayan miya?"

"Wanda ake ba ki da. Sun ce a zamaninki miya ja wur, ga ganye, ni kuwa ina zuwa ta koɗe. Marasa lafiya sun daina ci. Na rantse musu ban taɓa ganin ko albasa ɗaya daga sito ba, ba wanda ya yarda. Inna, don Allah a ina ake karɓowa? Ko akwai wanda ban gaisar ba?"

Nan take tsohuwar ta gane. Ita da take ganin ta rufa wa asibiti asiri, ashe rami ta haƙa ta rufe da ganye, kuma ga wadda ta faɗa ciki. Ta ɗaga hannu ta nuna sama.

"Hau ki gani."

Matar ta hau. Ta jima ba ta sauko ba. Da ta sauko sai ta zauna a ƙasan matakala, hannu a baki.

"Ki yafe mini, 'yata. Shiruna ne ya ja miki wannan. Malam, miƙo mini sandata."

Likitan da ya yi mata aiki ya hana ta doguwar tafiya, mijinta ya tuna mata, ba ta ko juyo ba. Da rana tsaka ta shiga ofishin shugaban asibitin, tana dogara sanda, sabuwar mai girki na bin ta a baya. Ta roƙi a kira mai sito da shugabar nas-nas.

"Ranka ya daɗe, a tambayi bawan Allahn nan yaushe rabon da ya ba kicin tumatir."

Mai sito ya sunkuyar da kai, ya yi ta murza hularsa. Da ƙyar ya ce tun zamanin shugaban da ya gabaci wanda ya gabaci wannan.

Shugaban ya cire tabarau ya ajiye. "Ban gane ba. To miyar da ake ci duk shekarun nan fa?"

"Daga gidanta take zuwa, ranka ya daɗe."

"Kuma ka sani?"

"Na sani. Ba a taɓa tambayata ba ne."

Shugabar nas-nas, wadda ita ce ta fi kowa ɗaga murya ranar da aka tuhumi sabuwar mai girki, ta nemi kujera ta zauna. Ta ce ita kanta ta sha cin abincin nan idan aiki ya riƙe ta, har tana yaba wa ofis a ranta. Shugaban kuwa sai maimaitawa yake, kamar mai magana da kansa, cewa shi da yake umartar masu ƙarancin jini su ci ganye, bai taɓa tambayar daga ina ganyen ke fitowa ba.

"Wa ya biya ki, Inna?"

"Ba a biya ni ba, ban kuma zo karɓar biya ba. Yarinyar nan na zo wankewa. A mayar da ita aikinta, a kuma ba ta haƙuri a gaban waɗanda aka kira ta ɓarauniya a gabansu."

Haka aka yi, tun kafin la'asar. Kwana kaɗan bayan nan ma'aikatan suka cika mota suka zo ganin lambun da idonsu. Mai gadi ma ya biyo su. Da ya hau ya ga kabewa na lilo a jikin tsohuwar ragar gado, ya ga tattasai ya yi ja a robar fenti, sai ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ce shi dai ya yi gadin ƙofa shekaru, amma ashe bai san abin da ke shiga ba.

Yanzu an dawo da sayen kayan miya. An kuma share filin da ke bayan ɗakin wanki, inda da ake zubar da karyayyun gadaje, an jera buhuna. Takan je jefi-jefi ta zauna a kujera a inuwa, tana nuni da sanda, nas da masinja da mai shara suna haƙa. Da yawansu sun tafi gida da iri a ƙulle a leda, kuma matansu da mazansu sun fara ganin sauƙin cefane.

Uwar Ludayi, ke ce kika ciyar da mutanen da ba su san suna cin guminki ba. Ke ce kika ci mai tabo kika kai wa baƙo mai kyau, ba ki taɓa tsayawa a ce an gode ba. Kuma ranar da alherinki ya zama sanadin hawayen wata, ba ki tsaya kare kanki ba, kika taka gwiwar da ba ta gama warkewa ba kika je kika faɗi gaskiya. Wannan ta ƙarshen ta fi ba mu mamaki, don mai alheri da yawa yana da wuya ya ce na yi kuskure. Akwai mutane a gidajensu yau, sun warke sun yi ƙiba, waɗanda lomar farko da ta zauna musu a ciki daga rufinki ta sauko. A madadinsu, mun gode. Allah Ya ƙara wa gwiwa lafiya, Ya saka wa Malam da ya yi ta ɗaukar ruwa yana tsokana.

Mu kuma da muke kukan tsadar kasuwa kullum, ba fili muka rasa ba. Wanda ke da baranda yana da gona, wanda ke da bakin taga ma ya samu wurin albasa. A nemi buhu, a nemi ƙasa, a fara da abin da tukunyar gida ke buƙata, idan ya yi yawa a leƙa maƙwabci. Sannan a wuraren aikinmu, mu riƙa tambaya. Duk inda ka ga abu yana tafiya lafiya ba ka san dalili ba, to akwai wani da yake ɗauke da shi a ka, ya yi shiru. Ka neme shi tun wuyansa bai gaji ba.