Gwaggo da Injin Ɗakin Ƙasa

A wani kamfanin jigilar kaya, kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka kusa sa'anninta. Ofishinta yana ɗakin ƙasa, bayan sito, ba taga sai ƙugin injina. Ita ke haɗa yaren kwamfutar da duk manhajojin kamfanin suke gudana a kansa, kuma tun fil azal tana haɗa shi yadda zai yi aiki ɗaya, ya gama, sannan ya ɗauki na gaba.

Wata safiya shugaban sashe ya leƙo, ko zama bai yi ba.

"Gwaggo, layin ayyuka yana yi mana tsawo. A sake haɗa yaren nan ya riƙa yin ayyuka da yawa lokaci guda."

"Ranka ya daɗe, kunnawa ba wuya," ta ce. "Amma tsofaffin manhajojin nan ba su saba cin kwano ɗaya da kowa ba. Wasu sai an sake haɗa su, wasu ko an haɗa za su riƙa taka juna."

"Ki gwada dai."

Ta gwada a injin gwaji. Yawancinsu suka bi, bayan 'yar gardama. A cikin manhajojin, mai buga takardar da ake liƙa wa kwali ne ya ƙi. Sai ya yi ta aiki lafiya lau, can kuma ya ɗora sunan wani a kan adireshin wani, saboda wuri guda yake ajiye duk abin da ya riƙe. Ta karanta shi har idonta ya yi ja, ba ta gano yadda za ta raba shi ba tare da ta rusa shi ba.

Wanda ya rubuta shi tsohon abokin zamanta ne a ɗakin, Dogo, da ciwo ya ajiye shi a gida. Ta je ranar hutu. Matarsa ta kawo ruwa, ta gyara masa matashi. Gwaggo ta yi bayani a hankali, yana kallon bakinta yana murmushi.

"Baiwar Allah," ya ce, "a ina na san ki?"

Ta shanye ruwan, ta yi masa fatan sauƙi, ta fito. A bakin titi motoci suka yi ta wucewa ba ta tsayar da ko ɗaya ba.

Daga ƙarshe aka raba abin biyu. Sabon haɗin ya koma bene tare da sauran ma'aikata, layi kuwa ya ragu sosai. Tsohon haɗin ya zauna a inji guda a ɗakin ƙasa saboda manhajar Dogo, Gwaggo ke kula da shi. An ba ta tebur a sama, ta ce sai ta gama gyaran. Da rana takan ji ana jan kujeru a saman kanta, ana dariya, ita kuma ta buɗe kular abincinta a gefen allon kwamfuta ta ci gaba da karanta manhajar.