Shekarar da Kawu Ya Kori Shanu

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, wallahi abin da kawuna ya yi wa gonarmu ba zai fita ba. Lokacin ana ta murnar samun ƴancin kai, ni kuma ina lakol, wato makarantar boko, a Maradi, ina zuwa ƙauyenmu kusa da Gangara in an yi hutu.

Kawun nan ya ɗan yi aikin ɗaukar buhu a wani kamfanin sayen gyaɗa. Da ya dawo gida sai ga shi da hular kwano irin ta Nasara da tabarau, yana tafiya kamar shi ya karɓo ƙasar da hannunsa. Faransanci kuwa kalma ɗaya ya riƙo: "Wala!" Ya sha fura, wala. Jaki ya yi kuka, wala. Mu ƴan lakol muka laƙaba masa Kawu Wala, shi a tunaninsa girma ne.

Tun zamanin kakanmu akwai wani dattijon Bafillace da ke sauka gonarmu bayan girbi. Shanunsa su ci kara, su kwana, su bar mana taki. Kakata ta ba shi dammunan gero, matarsa ta riƙa kawo mana nono. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan, haka muka tarar.

Shekarar nan ina gida dattijon ya iso da garkensa. Kawu ya tare shi a bakin gona, hannu a ƙugu.

"Baffa, a juya. Zamani ya sake. Mun gama noma da kashin dabba."

"To yaro, da kashin wa za ku yi?" in ji dattijon.

"Angire! Takin Nasara, cikin buhu, fari tas. Wala!"

Baffa ya dube shi, ya dubi hular, ya kaɗa shanunsa gonar maƙwabcinmu. Kakata ta yi faɗa har muryarta ta dishe, amma tunda kakanmu ya rasu gandun na hannun Kawu ne. Ta ce da ni, "Mijina, kai da kake karatu, wannan ciwon akwai maganinsa a lakol?" Na ce, "Tsohuwa, wannan ko likita sai dai ya yi kallo."

Damina ta kawo kai, na dawo dogon hutu. Kawu ya sayar da akuyoyin gida ya sawo buhunan takin. Shi bai tambayi kowa yadda ake sa shi ba, ai tambaya ta ƙauyawa ce. Abin da ya sani kawai, takin shanu in ya yi yawa gona ke kyau. Saboda haka kowane rami a cika tafi da farin taki a zuba, a jefa iri a kai, a take. Har ya kira mutane su zo su koyi noman zamani. Maƙwabcinmu ya ɗan ɗanɗana ƙwaya ɗaya a harshe ya tofar.

"Anya wannan gishirin ba zai cinye irin ba?"

"Kai da jahilci dai," in ji Kawu.

Ruwan da ya biyo baya ɗan yayyafi ne. Gonar maƙwabci ta tashi kore shar. Tamu kuwa, tab! Wani ramin ko tsiro babu, wanda ya leƙo ya yi ɗorawa ya kwanta kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Kawu ya riƙa zagaya gona yana tona ramuka yana cewa irin ne ba shi da kyau. Irin da kakata ta zaɓa zangarniya zangarniya! Muka sake shuka da ɗan guntun da aka roƙo, amma lokaci ya wuce. Abin da muka girba ko gindin rumbu bai rufe ba. Dariya nake yanzu, amma ƙannena sun sha kunun dusa a shekarar nan, kuma babu nono, babu akuyar da za a sayar.

Bayan girbi, ranar kasuwa, kakata ta ɗaure dami guda daga ɗan abin da ya rage, ta ce Kawu ya ɗauka. Dami ba ya zama a kan hular kwano, dole ya cire ta. Ta tasa shi gaba har wajen masu shanu, mu muna biye muna tuntsira dariya. Ya sauke damin gaban Baffa, ya durƙusa.

"A'a, ina buhun naka?" in ji Baffa.

Kawu ya sunkuyar da kai, Baffa ya ci gaba.

"Don uwarka zan zo, ba don kai ba. Amma ka sani, shanuna har yanzu irin na da suke yi. Baƙi ne, kuma yana wari."

"A kawo hakanan, Baffa," in ji Kawu, murya ƙasa ƙasa.

Ni kuwa daga baya na ƙwala, "Wala!" Kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya.

Daga baya mun koyi sa takin zamani ɗan kaɗan, gefe da shuka, kuma yana aiki. Laifin ba na buhu ba ne. Tun ranar nan, in na ga mutum ya raina wanda ke ciyar da shi don ya ga sabon abu mai ƙyalli, kuma girman kai ya hana shi tambaya, sai in matsa gefe in kama hatsina da kyau.