Lambobi Tara a Kwamfutar Baba

A wurin aiki ba mai kiranta da sunanta. Karanto suke ce mata, don daga safe har a tashi maganarta ke nan a waya: "Karanto min lambar." Ita ce mai gyaran kwamfutocin kamfanin, rassa goma sha ɗaya, amma ba ta motsawa daga ɗakinta mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Akwai wata manhaja a kowace kwamfuta da ke nuna lambobi tara. Da an faɗa mata su, sai allon can ya bayyana a gabanta, ta yi gyaranta kamar tana zaune a wajen.

Tun tana ƙarama take da bin diddigi. Rediyon gidansu biyu ta kwance don ta ga inda mai maganar yake zama, ɗaya bai sake tashi ba. Amma shekara bakwai tana cin abinci da lambobin nan, ba ta taɓa tambayar kanta inda suke fitowa ba, sai ranar da babanta ya kira.

Baba tsohon mai buga tafireta ne, irin wanda yake bugu yana kallon taga. Tun da ya yi ritaya yake rubuta tarihin gidansu a kwamfuta, shekara shida, shafi ɗari huɗu.

"Uwata," ya ce, "littafin ya ɓace."

Ta san babu kwafi ko ɗaya, ga tafiyar yini guda tsakaninsu.

"Kada ka taɓa komai, Baba. Buɗe manhajar nan da na sa maka, ka karanto min lambar."

Ya karanto, ta buga, ta ƙi shiga. Ya sake, sai ga wata lamba daban. A karo na uku ma takwas ya kawo.

"Baba, tara ne fa."

"To ni zan ƙara mata? Abin da ke nan na faɗa miki."

"Ka kira maƙwabcinka ya duba mana."

"Ba mai taɓa min kwamfuta."

Haushi ya kama ta, ta ce za ta sake kira. Ta zauna ta zuba wa lambar tata kwamfutar ido. "Ke kuma a ina kike kwana?" ta ce mata. Ai kullum aka kunna ita ce dai take fitowa, ke nan dole akwai inda aka ajiye ta. Ta shiga saitin kwamfutar tana tono, ta buɗe wannan ta rufe wancan, har shayinta ya yi sanyi. Can cikin wata ɓoyayyiyar jaka ta sami wani ɗan fayil, ta buɗe. A layi na goma sha huɗu ga lambar a zaune, ba makulli, ba mai gadi. Sai da ta yi dariya ita kaɗai.

Ta rubuta umarni layi shida: buɗe fayil ɗin, nemo layin, faɗi lambar da murya. Gwajin farko kwamfutar ta dunƙule ta, ta fara da miliyan ɗari huɗu, har direban ofis ya leƙo yana tambaya wa ya ci gasa. Ta gyara, ta sa ta riƙa faɗa ɗaya bayan ɗaya, da numfashi a tsakani.

Ta tura wa Baba ta imel, ta kira shi. Da yake yatsunsa sun san hanya, da maɓallai ta bi da shi: wannan, sai wancan, sai babban na dama.

"Yanzu kara wayar a jikin sifika."

Ta ji muryar inji daga falon gidansu tana ƙirgo lambobi, tara cif. Ta buga, Baba ya danna amincewa, allonsa ya buɗe a gabanta.

Da farko ta ɗauka wani abu ne ya lalace. An ƙara girman komai har ƙarshe, kowane harafi ya kai dunƙulen hannu, lambar ma rabinta ta fita daga allon. Ta rage girman. Ga littafin can a kusurwa, lafiya lau, hannu ne kawai ya ja shi gefe. Duk wanda yake gani da ya gan shi tun safe.

Ta tuna zuwanta na ƙarshe, yadda ya miƙo mata kwalbar magani yana cewa rubutun zamani ƙanana ne. Kunya da tausayi suka rufe ta.

"Littafin yana nan, Baba. Ban ga abin da ya ragu ba."

Ta ji ajiyar zuciyarsa.

"Baba, tun yaushe?"

Bai yi kamar bai gane ba. "Tun bara. Bugawa ba ta gagare ni ba, Uwata. Abin da na buga ne ban sake gani ba."

Ta ajiye kwafi a wajenta, ta jawo takardar neman hutu ta cike da hannu ɗaya. Wayar ofis tana ta ƙara, wani reshe yana nemanta, ba ta ɗauka ba.

"Kina ganin shafin ƙarshe?" ya ce.

"Ina gani."

"To karanto min."