Bargon da Na Ce Ni Na Ɗinka

Shekarar da 'yar yayata za ta yi aure, bakina ne ya jawo mini. Muna zaune a gidan Yaya a unguwar Bagdadiyya a Jidda ana lissafa kayan ɗaki, aka zo kan lihaf, bargon nan mai auduga a ciki da muke rufa da shi saboda sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Na ce kada a saya, ni zan ɗinka. Ina da ƙaramin keken ɗinki na lantarki, amma iyakacina da shi rage tsawon abaya da gyaran rigunan yara.

Saman bai ba ni wahala ba. Na yayyanka ƙyallayen atamfa, na haɗa su har suka kai faɗin babban gado. Da na shimfiɗa auduga a tsakiya, na sa farin yadi a ƙasa, na zo bin su da ɗinki, sai ido ya raina fata. Tsakanin allura da jikin keken bai fi tafin hannu ba, bargon kuwa ya cika rabin falo. In na tura nan, nauyinsa ya ja can ya zube ƙasa. Allura biyu na karya. Da na juya bayan, duk ya tattare kamar an tauna.

A haka maƙwabciyata ta same ni, ina farke ɗinki da reza ina share hawaye. Dattijuwa ce 'yar Maraɗi, tana zaune a ɗaki ɗaya a ƙasan benenmu a Hindawiyya, tana aikin girki a wani gida. Inna nake ce mata, amma gaskiya ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba. Mu haifaffun Jidda muna da wannan halin da waɗanda suka zo daga baya. Kwano ta dawo mini da shi ranar.

Ta tsaya ta duba bargon, ta ce, "Ɗiyata, daga gefe kika fara?"

Na ce e.

"Daga tsakiya ake farawa. Farke duka."

Ashe shekara da shekaru ta yi tana ɗinki a gida kafin ta zo. Muka shimfiɗa shi a ƙasa, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta kakkafa fil ko'ina don kada yadin ya zame, ta zana layuka da alli. Ta naɗe gefe ɗaya tam kamar tabarma har ya shige ƙarƙashin keken, ta jawo teburin guga ya tallafi sauran. Ta ce in zauna. Na yi layi ɗaya ya karkace. Ta ce bari ta nuna mini, kuma tun daga nan ban sake zama a kan keken ba.

Kwana tara tana zuwa bayan la'asar, da ƙanshin albasa a hannunta. Ita ke ɗinki, ni ina tsaye da naɗin a kafaɗa ina sakar mata kaɗan kaɗan. Ko shayi sai na matsa take sha.

Ranar da aka kai kaya, mata suka cika ɗakin amarya. Aka shimfiɗa bargon, ɗaki ya ɗauki ma sha Allah. Inna na zaune a bakin ƙofa, ni na gayyace ta. Uwar ango ta shafa layukan da yatsa ta ce, "Wallah kamar na masnaa, aikin kamfani. Waye ya yi?"

Yaya ta nuna ni. Uwar ango ta ce, "Ke kaɗai? Da keken gida?"

Na ce, "Ni kaɗai."

Har na ƙara da bayanin yadda ake farawa daga tsakiya. Ina cikin magana idona ya faɗa kan Inna. Ba ta ɓata rai ba. Ta sunkuya tana gyara mayafinta, sannan ta ce tare da sauran mata, "Allah ya yi wa hannu albarka."

A mota muna komawa, ta yi ta hirar kyan amarya, ni ko ina kallon titi.

Kwana uku ina bin matakala a hankali don kada ta ji ni. Na huɗu na ƙwanƙwasa mata. Na ce, "Inna, ki yafe mini abin da na faɗa."

Ta ce, "Na ji shi, ɗiyata. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma halas, ya wuce. Zauna ki ci tuwo."

Na zauna na ci.

Daga baya na kira Yaya na gaya mata gaskiya. Ta yi dariya ta ce ai ta sani, tun muna yara ban taɓa yin layi miƙaƙƙe ba. Ta ce in bar maganar, wa ya damu. Na so in faɗa a gaban matan nan kamar yadda na yi ƙaryar a gabansu, na yi ta cewa sai an taru a suna in amarya ta haihu.

Kafin a yi sunan, mutanen gidan da Inna ke aiki suka koma Riyad, ba a sabunta mata iƙama, takardar izinin zama, ba. Na taya ta ɗaure kaya, na raka ta filin jirgi za ta koma Maraɗi. A wurin sunan na faɗa, amma yawancinsu ba su ma tuna wace dattijuwa nake nufi ba.