Ɓawon Albasa a Motar Baban Hafsat

Bakanike na zaro filtar iska sai ga ɓawon albasa da ƙura suna zuba kamar an juye buhu.

Motar marigayi mijina ce, Baban Hafsat, tsohuwa mai turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi. Da ita nake kai albasa Jega daga Aliero. Tun rasuwarsa ƙarfinta ke raguwa, har yayyensa suka ce a sayar.

Na ce, "Malam, ka ƙara mata ƙarfi, amma irin na talaka. Ba ni da halin sabon turbo."

Ya yi dariya. "Hajiya, wagga mota mura taka yi! Turbo iska shika ci. Wa ka kakkaɓe mata wanga abu a da?"

Sai na tuna. Duk Juma'a Baban Hafsat kan buga wani abu a jikin katanga, ni kuwa ina ta faɗa yana ɓata min shanya. Ashe filtar ce.

Bakanike ya hure filtar, ya ɗaure wani tiyo da ya saki. A hanyar gida har tirela sai da na wuce, ina dariya ina hawaye.

Ba za a sayar ba. Allah ya jiƙanka, Baban Hafsat.

Ku fa, wane aiki kuka taɓa raina wa naku?