Madannan Goggo Yatsa Goma

Yayar mahaifina ce, mu muna ce mata Goggo, amma a ofishinsu Yatsa Goma suke kiranta. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga tafireta a wani dogon ɗaki mai fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Su goma sha biyu ne a ɗakin, duk mata. Ita ce ke kusa da taga, kuma ita ake kai wa takardar da manyan ofis suke so ba kuskure ko ɗaya. Tana buga shafi guda da kwafin kabon uku a ƙarƙashinsa ba tare da ta kalli hannunta ba, tana yi tana hira.

Da ta yi ritaya, sanyin ƙashi ya kama yatsunta. Ɗanta ya saya mata kwamfuta, ta danna sau biyu ta ture.

"Wannan ai kamar ina danna katifa ne," ta ce. "Ba na sanin na buga ko ban buga ba."

Ni kuwa haɗa kibod, allon madannan kwamfuta, sana'ata ce. Na ce zan haɗa mata nata, amma ita za ta zaɓi suwic, wato 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashin kowane madanni, wadda ke sa shi sauka ya dawo. Na kai mata allon gwaji mai iri tara, na ajiye a kan teburin falonta. A raina na riga na yanke cewa mai ƙara za ta ɗauka.

Shi ta fara taɓawa kuwa. Ƙas, ƙas, ƙas. Ta yi murmushi har da lumshe ido.

"Ka san in mu duka muka kama aiki, kamar ruwan sama a kan kwano? Masinja sai ya ɗaga murya kafin a ji shi. Akwai wata da muke kira Guduma, ita kam har takarda take hudawa."

Ta daɗe tana dannawa, sannan ta janye hannu. Ta gwada mai ɗan tudu a tsakiya, ta yatsina fuska, ta ce yana mata tuntuɓe a gaɓa. Ta koma kan masu santsi, waɗanda ke sauka kai tsaye ba tudu ba ƙara. Na farko ta ce ya cika sakwa-sakwa, ko numfashi ka yi sai ya rubuta. Na biyu ta ce tana jin yashi-yashi a cikinsa, abin da ni sai na kasa kunne nake ji. A kan na ukun ta tsaya, mai ɗan nauyin sifirin, wanda ya fi duka kyau.

"Wannan."

"Goggo, ba mai ƙarar ba? Na zaci shi zai tuna miki da da."

"Ya tuna mini mana, ɗan nan. Amma ƙarar nan ta mutum goma sha biyu ce. In ni kaɗai ce ke yin ta a ɗaki, sai dai ta yi ta gaya mini saura ba sa nan."

Kwana biyu muka yi muna shafa wa ƙwayoyin mai da ƙaramin buroshi. Ta ƙi yarda in yi ni kaɗai, wai ba ta taɓa barin wani ya sa wa injinta mai ba. Tana yi tana min faɗa cewa hannuna ya cika yawa.

Ranar da na jona mata kibod ɗin, ta gyara zama, ta miƙe baya, ta ɗora yatsu a layin tsakiya. Da ta kai ƙarshen layin farko, hannunta na hagu ya tashi da kansa zai tura kan inji, kamar yadda ta saba a tafireta. Ya sami iska. Ta yi dariya har da hawaye.

Wasiƙa ta fara bugawa, zuwa ga mutum biyun da suka rage cikin abokan aikinta. Ɗaya ta amsa bayan mako uku, da biro, rubutun yana rawa, tana tambaya ko zan iya haɗa mata irin kibod ɗin Goggo.