Shirun da Na Yi wa Ɗan Farina

Ko zan manta da komai a rayuwata, ban da kwana shidan da ɗana na fari ya yi a duniya.

Lokacin muna zaune a Digil, gidan iyayen mijina. Cikina yana wata bakwai na je awo. Malamar asibiti ta ɗora abin sauraro a cikina, ta daɗe tana duban agogo.

"Zuciyar yaron nan a hankali take bugawa," in ji ta. "Ki gaya wa mai gidanki ya kai ki babban asibiti."

Na ce to. Amma a wurinmu mace ba ta zancen cikin fari, balle a gidan surukai. Sau uku ina buɗe baki, kunya tana rufe min shi. Ga shi lokacin cirar gyaɗa ne, kowa yana gona. Na yi shiru.

A gida na haihu, namiji. Ba ya kuka. In ya kama nono, ja biyu sai ya saki yana haki. Masu barka kuwa sai yabo.

"Wannan mai haƙuri ne," in ji Dada, uwar mijina. "Ba irin ubansa ba, da ya hana unguwa sakat."

Aka yi dariya, na sunkuyar da kai. Tafin ƙafarsa sanyi ƙalau a hannuna. Na ji, ban faɗa ba.

Rana ta biyar leɓensa ya yi duhu, aka kai mu asibiti cikin Mubi. Likita ya duba shi, sannan ya juyo kaina.

"Idanunki suna bushewa? Gaɓoɓinki suna ciwo?"

"Sun daɗe. Na ɗauka aikin gona ne."

Ya sa aka ɗebi jinina. Ya ce yana zaton cikin sojojin jiki masu kare ni daga cuta ne wasu suka ɓata hanya, suka ratsa mahaifa, suka lalata abin da ke sa zuciyar yaron bugawa daidai.

"Ba ke kika jawo ciwon ba," in ji shi.

"Da na zo tun ina da ciki fa?"

Ya ce, "Da mun shirya masa. Sauran na Allah ne."

Ya rasu ana gobe suna, ragon yana ɗaure a tsakar gida. Sai bayan an rufe shi na gaya wa Dada maganar malamar asibiti. Ta riƙe baki.

"Yarinya, me ya hana ki faɗa?"

Ita ce fa take nuna ni ga 'ya'yanta, tana cewa su koyi kunya a wurina.

Na yarda kwanansa ne ya ƙare. Amma na koyi cewa jariri ba shi da bakin da ya wuce na uwarsa. In ta yi shiru don a yabe ta, ita kaɗai za ta ɗauki abin da ya biyo baya.